Jadawalin ƙwarewa: Yadda wasu makarantun Jamus ke auna ɗalibi ba da maki kaɗai ba

Idan yaro ya kawo sakamako gida an rubuta masa kashi 55 a lissafi, iyayensa sun san ya tsallake, amma ba su san me ya iya ba. Ko ya ƙware a ninkawa ne ya faɗi a rabawa, ko kuwa duka biyun rabi da rabi ya sani, takardar ba ta faɗa. Wannan giɓin ne jadawalin ƙwarewa ke neman cikewa, kuma jihar Baden-Württemberg da ke kudu maso yammacin Jamus na cikin wuraren da suka fi gwada shi.

Jadawalin dai tebur ne mai layuka da ginshiƙai. Kowane layi fanni ɗaya ne na darasin, ginshiƙan kuma matakai ne daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A cikin kowane gida akwai jimla da ke farawa da "Zan iya", misali ɗalibi ya ce zai iya karanta gajeriyar wasiƙa ya fahimci buƙatar mai rubutun. Fitaccen samfurin irin wannan tsari shi ne ma'aunin harsuna da Majalisar Turai ta fitar a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2.

A al'adar Jamus, ana raba yara zuwa makarantu daban-daban bayan aji huɗu, gwargwadon ƙoƙarinsu. A shekarar karatu ta 2012/2013 jihar ta buɗe wani sabon nau'in makaranta mai suna Gemeinschaftsschule, inda masu ƙarfi da masu rauni ke zama aji ɗaya, ba a maimaita aji, kuma rahoton ci gaban ɗalibi ne ke maye gurbin maki a mafi yawan shekaru. Manhajar karatun jihar ta 2016 ta tanadi matakai uku: na tushe, na tsakiya da na sama. Yaro ɗaya na iya kasancewa a matakin sama a Turanci, a na tushe a lissafi.

A nan ne takarda ta gaza. Malamin da ke da aji guda amma kowane yaro na wani gida daban a jadawalin ba zai iya riƙe lissafin a ka ko a littafi ba. Don haka aka ɗora jadawalin a kan Moodle, dandalin koyarwa ta intanet da Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya fitar a 2002, ta hanyar wata manhaja mai suna DAKORA. Malami kan liƙa wa kowane gida ayyukan da suka dace da shi, ɗalibi ya zuba su cikin shirinsa na mako, ya yi, ya miƙa, sannan ya fara auna kansa kafin malami ya auna shi. Inda hukuncin biyu ya saɓa, nan ne ake zama a yi magana, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi amfani a tsarin duka. Shi ma Moodle ɗin ya shigar da nasa tsarin bibiyar ƙwarewa a 2016.

Sai dai aikin bai ragu wa malami ba. Kafin a fara, sai an rubuta jimlolin, an tanadi ayyuka na matakai uku ga kowane gida, sannan a riƙa duba abin da yara ke turowa. Masu suka na ganin yaron da bai iya tsara kansa ba kan ɓace cikin 'yancin da aka ba shi, kuma akwai haɗarin karatu ya koma cike gidaje kawai, alhali rubuta kyakkyawan insha'i bai yankuwa gunduwa-gunduwa cikin sauƙi.

Makin ma bai tafi gaba ɗaya ba. Iyaye na da damar neman a rubuta musu shi tare da rahoton, kuma a ajin ƙarshe dole ne a bayar da shi, domin da shi ɗalibi zai nemi gurbin koyon sana'a ko na ƙarin karatu.