Karatun Kimiyya da Ido: Abin da Waya Ta Kawo Gyadi-Gyadi

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya a unguwar Gyadi-Gyadi, wanda aka kafa a 1988, ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero suke koyon duba marasa lafiya. Tun asali da ido ake wannan karatu: malami ya ɗaga hoton ƙirji a gaban fitila, ya nuna inda tarin fuka ya ci huhu. Abin da ya sauya shi ne yanzu hoton yana aljihun ɗalibi, kuma yana motsi.

Ba tsarin jami'a ne ya fara kawo sauyin ba. Kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni ta sa waya mai intanet a hannun kowa. Sai kullen korona na 2020, sannan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022, suka zaunar da ɗalibai a gida, YouTube ya zama malaminsu. Ga kuma matsalar harshe: wanda ya tashi da Hausa yana fama da darasi, yana fama da Turancin da aka kawo darasin a ciki. Bidiyon bugun zuciya, ko na yadda gada irin ta Dangi ke rarraba nauyi a kan ginshiƙanta, yana sauke masa rabin wannan kaya.

Ribar a fili take, amma akwai abin da ke damuna. Kallo yana sa mutum ya ji kamar ya iya. Ɗalibi zai kalli ɗinkin rauni sau goma, a miƙa masa allura hannunsa ya hau rawa. Ɗalibin injiniya zai gane zanen gada, lissafin ya gagare shi. Sannan yawancin hotunan daga Turai da Amurka suke, a jikin farar fata. Ƙyanda da ke fitowa ja a can ba haka take bayyana a jikin yaron unguwar Hotoro ba, kuma shi za a kawo wa likitan.

Tsada ma ta shigo ciki tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a 2025. Gyaran yana hannun malamanmu: su tara hotuna da bidiyon cututtukan da ake gani a nan, da izinin masu su, a ajiye a kwamfutocin makaranta inda ɗalibi zai kalla ba sai ya sayi data ba.