Idan tankar mai ta kife a hanyar Daura

Duk wanda ya saba zama a bakin titin da ya taso daga Kano, ya ratsa Kazaure, ya shigo Daura, ya miƙe Mai'aduwa har bakin iyaka a Kwangwalam, ya san nishin tankar mai. Guda ɗaya kan ɗauko lita 33,000 ko fiye. Ranar da ta kife, Allah Ya kiyaye, mai kakin da zai fara isowa galibi ɗan sanda ne, daga shi sai kulkinsa.

Mun ga yadda abin yake a maƙwabta. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Fetur ya bi kwata, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai, a lokacin da lita ta kai wajen naira dubu. 'Yan sanda sun ce sun yi ta korar mutane, amma aka fi ƙarfinsu. Wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Wata uku tsakani, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka sake irin wannan rashi a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja.

Abin da mai ɗiba bai sani ba shi ne, tururin fetur ke kama wuta, ba ruwansa da ake gani ba. Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama. Ƙasa-ƙasa yake bi, ya kwanta cikin kwata da ramuka, ya yi nisa ido bai gan shi ba. Murhun mai shayi, guntun taba, ɗan acaɓan da ya buga mashin ɗinsa, bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, kowanne ya isa. Ruwa kuma ba ya kashe wutar, domin man kan taso saman ruwan ya bi shi. Sai kumfar 'yan kwana-kwana, ko yashi da za a datse malalar.

Saboda haka aikin ɗan sanda na farko shi ne raba mutane da wurin. Ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya tare motoci tun daga nesa, a kashe injuna, a janye jama'a kamar mita 300, in wuta ta kama tankar kuwa mita 800. Harbi sama ko barkonon tsohuwa kusa da malalar ganganci ne. Sai ya kira 'yan kwana-kwana da hukumar kiyaye haɗurra, ya sanar da asibiti.

Sai dai ina 'yan sanda huɗu za su iya da gari guda? Nan ne nake ganin masarautar Daura na da abin da ya fi kulki. Matashin da ya bijire wa kofur zai ji nauyin mai unguwarsu, zai tsaya in ya ji muryar liman ta lasifikar masallaci. Ina roƙon kowane baturen 'yan sanda, daga Sandamu zuwa Zango da Ɓaure, ya zauna da hakimi da dagatai tun tanka ba ta faɗi ba, a san wa zai kira wa da tsakar dare, da kuma inda za a samo tifar yashi.