Gyaran hoto: ina iyakarsa a gasar ɗaukar hoto?

A 2023, Bajamushe Boris Eldagsen ya lashe wani rukuni a gasar Sony World Photography Awards, amma ya ƙi karɓar kyautar. Dalili? Hoton nasa ba kyamara ce ta ɗauka ba, ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi.

To ina iyakar? Ka san ko hoton wayarka bai tsira daga gyara ba. Kyamara haske kawai take kamawa, manhaja ta daidaita launi tun kafin ka gani. Ke nan gyara kansa ba laifi ba ne.

Abin dubawa shi ne: an ƙara wani abu ko an cire? A gasar World Press Photo ana iya ɗan daidaita haske, amma ba a goge mutum ko turken lantarki. Alƙalai kan nemi fayil na asali, wato RAW, su kwatanta. A 2015 sun fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan zagayen kusa da na ƙarshe.

Zanen kwamfuta ma gwaninta ce, sai dai a ware masa rukuninsa. In za ka shiga gasa, karanta ƙa'idojinta, ka adana asalin hotonka, ka faɗi gyaran da ka yi.