Rabi'atul Adawiyya, waliyyiyar Basra

Rabi'atul Adawiyya ta rasu a Basra, ƙasar Iraƙi, wajen shekarar 801, ba ta bar littafi ko ɗaya ba. Yawancin labarinta ya zo ne ta hannun Fariduddin Attar cikin Tazkiratul Auliya, bayan ƙarni huɗu, don haka tarihi da almara sun cakuɗe. An ce marainiya ce da aka sayar a matsayin baiwa, ubangidanta ya 'yanta ta da ya ga yadda take raya dare da salla.

Masu zuhudun zamaninta tsoron wuta ya fi rinjaye a zukatansu. Ita kuwa ta koyar da bauta wa Allah don ƙaunarsa kaɗai, ba don kwaɗayin Aljanna ba. Wannan ne babban gadonta ga sufaye. Imamu Gazali ma ya kawo maganganunta a babin soyayya na Ihya'u Ulumiddin.