Abin da ya kamata ku sani game da ruwan rani da kifin Tiga

A ƙasashe masu sanyi, tsauni ne rumbun ruwa. Dusar ƙanƙara takan taru a kan duwatsu irin na Himalaya da hunturu, zafi na shigowa ta riƙa narkewa a hankali tana shayar da koguna irin Indus na Pakistan. Shekarar da ƙanƙarar ta yi ƙaranci, kogi kan janye da wuri, ruwan ya ɗumama, kifin da ya saba da sanyi ya galabaita.

Mu a Rano da Kibiya ƙanƙara ba ta kwana mana a dutse. Ruwan damina kaɗai gare mu, shi ya sa ƙananan ƙoramunmu ke komawa rairayi tun kafin bazara. Abin da ke riƙe mana ruwa shi ne madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Kogin Kano ne ke cika ta, bayan ya gangaro daga tuddan kudu ya ratsa dajin Falgore. Daga madatsar ake sako ruwa ta magudana zuwa tafkin Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ya wuce gonakin rani na Kadawa da Kura.

Masunta sun fi kowa sanin darajar cikar ruwa. Idan ya hau ya shanye ciyawar bakin gaɓa, nan tarwaɗa ke zuba ƙwai, nan 'ya'yan karfasa ke fakewa su ci su girma. Damina ta gaza, ruwa bai kai ciyawa ba, hayayyafa ta ragu ke nan, amma ba a gani sai bayan watanni, ranar da koma ta fito ba nauyi. Ga kuma masu raga mai ƙananan ido suna kwashe ɗan abin da ya tsira, wanda a ganina cin iri ne.

Abin da ya fi damuna shi ne saran itace don gawayi a kudu. Ƙasar da ke da bishiyoyi takan sha ruwa ta sake shi sannu a hankali. In aka tsiraita ta, ruwa kan kwararo lokaci guda ɗauke da laka, lakar ta kwanta a gindin madatsa tana cinye gurbin ruwa.

Muna roƙon masarautar Rano da sarakunan ruwa da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are su haɗa kai wajen kare Falgore, su kuma hana kama 'ya'yan kifi da damina.