Auchan a Senegal: me ya sa masu saye ke tururuwa, ƴan kasuwa kuma na kuka?

A watan Maris na 2021, lokacin da tarzoma ta ɓarke a Senegal bayan kama jagoran adawa Ousmane Sonko, kantunan Auchan 14 aka kai wa hari, aka kwashe kayan wasu daga cikinsu. Bayan ƙura ta lafa kantunan sun sake buɗewa, jama'a kuma suka koma layin biyan kuɗi kamar da. Ta yaya kanti ɗaya zai zama abin jifa a titi, kuma ya zama wurin cefanen dubban iyalai? Amsar tana cikin yadda irin waɗannan kamfanoni ke gudanar da kasuwancinsu.

Asalin kamfanin

Gérard Mulliez ne ya buɗe kantin Auchan na farko a 1961 a garin Roubaix da ke arewacin Faransa. Har yanzu kamfanin yana hannun iyalin Mulliez, waɗanda su ne kuma ke da Decathlon da Leroy Merlin. Ya yi suna ne da irin ƙaton kantin nan da Faransawa ke kira hypermarché, wanda faɗin wurin sayar da kayansa ya kai murabba'in mita 2,500 ko fiye, inda mutum zai sayi shinkafa da nama da tufafi da talabijin a ƙarƙashin rufi ɗaya. Kamfanin Carrefour ne ya fara buɗe irinsa a Faransa a 1963, a Sainte-Geneviève-des-Bois kusa da Paris.

Wannan tsari ya dogara ne ga mai mota da firji, wanda zai fita bayan gari sau ɗaya a mako ya ciko but. Ko a Faransa ma tsarin ya fara ja da baya, shi ya sa a Nuwamban 2024 Auchan ya ba da sanarwar rage ma'aikata kusan 2,400 a can gida.

Da ya shigo Senegal a tsakiyar shekarun 2010, da farko da sunan Atac, kamfanin ya sauya salo. Ya riƙa buɗe matsakaitan kantuna a tsakiyar unguwanni, inda matar gida za ta taka da ƙafa ta je ta dawo. Kafin 2021 kantunansa sun haura 30 a ƙasar, a 2022 kuma ya buɗe a Abidjan. Shigarsa cikin unguwanni ita ce ta kawo masa ciniki, ita ce kuma ta haɗa shi da masu ƙananan shaguna.

Daga ina araha ke fitowa?

Abu na farko shi ne sari. Ofishi ɗaya ne ke saye wa dukkan kantunan kaya, kai tsaye daga masana'anta ko daga mai shigo da kaya. Wanda ke sayen kwantena-kwantena shi ke da bakin magana a kan farashi. Mai shagon unguwa kuwa sai kayan sun bi ta hannun babban ɗan kasuwa da ɗan sari kafin su iso gare shi, kowa kuma ya ɗora tasa ribar.

Na biyu, riba kaɗan a kan kowane kaya, amma ciniki mai yawa. Dala ɗaya ko biyu a kan kwalin madara ba komai ba ce, sai an sayar da dubbai a rana sannan take zama kuɗi.

Na uku, akwai kayan jan hankali. Ana karya farashin abubuwan da kowa ya san kuɗinsu, kamar shinkafa da sukari da man girki, har ribarsu ta kusa ɓacewa. Wanda ya shigo don buhun shinkafa ba ya fita da shi kaɗai, zai haɗa da sabulu da biskit da lemo, a nan ne ake mayar da abin da aka rasa. Saboda haka arahar kaya biyar ba ta nufin komai na kantin yana da araha.

Na huɗu shi ne lokacin biya. Mai saye yana biya nan take, amma manyan kantuna kan biya masu kawo musu kaya bayan wasu makonni. A tsakanin nan da kuɗin wasu suke juyawa. Babbar masana'anta tana iya jira, ƙaramin manomi ko mai sarrafa hatsi kuwa jiran na iya tsayar masa da aiki.

Sai dai su ma suna da nasu nauyin: hayar wuri, wutar lantarki ta ɗakunan sanyi, albashi, haraji, da asarar kayan da suka lalace. Idan ciniki ya ragu kaɗan, lissafin yana rushewa da sauri.

Abin da masu saye ke gani

Ga yawancin masu shiga kantin, maganar ta wuce araha. Farashi a rubuce yake, babu tayi, babu kallon tufafin mutum kafin a faɗa masa kuɗi. Sikeli yana nuna nauyi a fili, ana ba da rasit, nama da kifi suna cikin sanyi. A ƙasashen da ƙarancin canji ke haddasa gardama kullum tsakanin mai shago da mai saye, na'urar lissafi da biya ta waya suna rage rigima. Wannan ne ya sa a lokacin da aka taso wa kamfanin, ƙungiyar kare masu saye ta ASCOSEN ƙarƙashin Momar Ndao ta tsaya a kan cewa jama'a na da ƴancin zaɓar inda za su yi cefane.

Amma akwai abin da babban kanti ba ya yi. Ba ya ba da bashi zuwa ƙarshen wata, ba ya ƙulla sukarin dala goma a leda, bai san wanda aka yi wa rasuwa ko haihuwa ba. Magidancin da ke samun na abinci kullum-kullum yana buƙatar mai shagon da ya san shi. Shi ya sa iyalai da yawa ke raba ƙafa: babbar sayayya a kanti idan an yi albashi, ta yau da gobe a shagon unguwa ko a kasuwanni irin su Tilène da Castors.

Kukan ƴan kasuwa

A 2018 aka ƙaddamar da gangamin "Auchan dégage", wato Auchan ya tattara ya tafi. Ƴan kasuwa da ƴan gwagwarmaya irin su Guy Marius Sagna na ƙungiyar FRAPP sun ce kamfanin zai kashe ƙananan sana'o'in da mafi yawan jama'a suka dogara da su, ribar kuma ta tafi Faransa. A shekarar ce gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara manyan kantuna, wadda ta wajabta neman izini kafin buɗe sabon reshe.

Kamfanin yana kare kansa da cewa ya samar wa ƴan ƙasa ayyukan yi masu albashi, yana biyan haraji, kuma mafi yawan kayansa daga hannun ƴan kasuwar Senegal yake saye. A nan akwai abin lura. Saye daga kamfanin da ke Dakar daban, kayan da aka noma ko aka sarrafa a Senegal daban. Ƙasar tana shigo da shinkafa da alkama da madarar gari masu yawa, don haka buhun da aka saya a hannun ɗan ƙasa yana iya zama na Indiya ko Tailan. Inda manoma suka fi amfana shi ne kayan lambu na yankin Niayes, da kaji da ƙwai, amma sai wanda zai iya kawo kaya masu inganci iri ɗaya, a kan lokaci, da takardun shaida.

Siyasa ma ta shigo ciki. Ga matasan da ke fushi da tasirin Faransa, kantin Auchan shi ne Faransar da ke kusa da hannu. An sake kai wa wasu rassansa hari a tarzomar Yunin 2023.

Darasi ga maƙwabta

Girman kamfani ba ya tabbatar da ɗorewarsa. Shoprite na Afirka ta Kudu ya shiga Najeriya a 2005, ya buɗe reshe a Ado Bayero Mall da ke Kano a 2014, amma a 2021 ya sayar da kasuwancinsa na ƙasar ga ƴan Najeriya, reshen Kano kuma ya rufe a farkon 2024. Faɗuwar darajar naira da tsadar gudanarwa sun taka rawa sosai. A ƙasashen sefa, inda kuɗin ke ɗaure da yuro a kan 655.957, mai shigo da kaya daga Turai ba ya fuskantar irin wannan haɗari. Carrefour, tare da CFAO, ya buɗe a Abidjan a 2015, ya kuma shiga Douala a 2017.

Ga hukumomin biranen da waɗannan kamfanoni ke hange, abin da ya faru a Dakar ya nuna cewa gara a shimfiɗa ƙa'idoji tun kafin a buɗe kanti: a ina za a gina shi, kashi nawa na kayansa zai fito daga gonakin ƙasar, cikin kwana nawa zai biya manomi. Ƴan kasuwa kuma sun ga abin da ke jan masu saye, wato farashi a rubuce, awo na gaskiya da tsabta. Dukkansu abubuwa ne da ƙungiyoyin kasuwa za su iya yi da kansu, musamman idan suka haɗa kuɗi suna sari tare.