Me Ya Sa Wasu Ke Jin Daɗin Tsoro? Darasi Daga Wani Wasan Kwamfuta

A watan Satumba na shekarar 2010 wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa a ƙasar Swidin, mai suna Frictional Games, ya fito da wani wasan kwamfuta da ake kira Amnesia: The Dark Descent. Mai wasan yana ɗaukar matsayin wani matashi, Daniel, wanda ya farka a cikin wani tsohon gidan sarauta a ƙasar Furushiya a shekarar 1839, ya mance duk abin da ya same shi. Ba shi da makami ko ɗaya. Abin da ke hannunsa shi ne fitilar ƙwai da ƙyastu na kunna kyandir. Kafin ya wuce daga wannan ɗaki zuwa wancan sai ya warware wasu matsaloli na wasa ƙwaƙwalwa, alhali dodanni suna yawo a cikin duhu. Idan ya daɗe a duhu, ko ya ƙura wa dodo ido, sai hankalinsa ya fara gushewa, hoto ya riƙa karkacewa.

Cikin shekara biyu an sayar da wasan fiye da kwafi miliyan ɗaya, amma ra'ayin waɗanda suka buga shi ya rabu kashi uku. Kashi na farko sun yabe shi matuƙa. Kashi na biyu sun kasa kai shi ƙarshe, musamman bayan wani sashe da ruwa ya cika, inda dodon ba ya ganuwa, sai dai a ji fantsamar ruwa tana matsowa. Kashi na uku kuwa sun koka cewa da zarar mutum ya gane dabarun dodannin, tsoron ya ƙare, matsalolin kuma ba su da wuya. Tambayar ita ce, yaya wasa guda ɗaya zai haifar da wannan saɓani? Ilimin halittu yana da amsa.

Yadda jiki ke karɓar tsoro

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan sassa guda biyu, ɗaya a kowane gefe, da ake kira amigidala. Idan ido ko kunne ya kawo alamar haɗari, amigidala takan aika saƙo tun kafin mutum ya gama tantance abin da ya gani. Daga nan ƙululun da ke saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, ƙwayar ido ta buɗe, tafin hannu ya jiƙe da gumi. A shekarar 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana wannan a matsayin shirin da jiki ke yi domin faɗa ko gudu.

Muhimmancin amigidala ya fito fili a shekarar 2011, lokacin da masana a Jami'ar Iowa ta Amurka suka ba da rahoto kan wata mata da wata cuta ta lalata wa wannan sashe a gefe biyu. An kai ta wurin macizai, an nuna mata finafinan ban tsoro, amma ba ta razana ba.

Jikin mai wasan kwamfuta yana amsa wa dodon da ke kan allo, amma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna al'amura, ya san yana zaune lafiya a ɗakinsa. Daɗin yana fitowa ne daga haɗuwar waɗannan biyun: jiki a tashe, hankali a kwance. Wanda ɓangaren farko ya rinjaye shi, shi ne yake kashe kwamfuta ya tashi.

Tsaka-tsaki

A shekarar 2020 masana daga Jami'ar Aarhus ta ƙasar Danmak suka wallafa binciken da suka yi kan mutum 110 da suka shiga wani gidan nishaɗi na ban tsoro, kowannensu sanye da na'urar auna bugun zuciya. Sun gano cewa jin daɗi yana ƙaruwa tare da tsoro har zuwa wani mataki, in an wuce shi kuma sai ya ragu. Wannan mataki ba ɗaya ba ne ga kowa, shi ya sa kashi na farko da na biyu suka saɓa.

Kashi na uku kuwa, sabo ne ya same su. Idan aka maimaita wa jijiyoyi abu ɗaya ba tare da cutarwa ta biyo baya ba, amsarsu takan yi rauni. Hausawa sun riga sun faɗa: ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Su kansu masu kamfanin sun lura da haka. A shekarar 2017 suka ƙara wa wani wasansu, SOMA, tsarin da dodanni ba sa iya kashe mai wasa. A shekarar 2018 kuma suka ƙara wa Amnesia tsari mai tsanani domin waɗanda suka raina shi.

Abin lura ga ɗalibai

Haɗa tsoro da wasa ƙwaƙwalwa ba a banza aka yi shi ba. Tun a shekarar 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka nuna, a gwajin da suka yi da ɓeraye, cewa matsin da ya yi yawa yana hana koyon aiki mai wuya. Matsalar da mai wasa zai warware cikin sauƙi a natse, takan gagare shi idan yana jin takun dodo a bayansa. Irin wannan ne ke samun ɗalibin da ya yi karatu sosai, amma ya shiga ɗakin jarrabawa kansa ya ɗaure. Maganinsa ma yana cikin abin da aka ambata: yawan gwaji da tsofaffin tambayoyi a cikin ƙayyadadden lokaci yana kawo sabo, numfashi a hankali kuma yana rage bugun zuciya.

Ya kamata malamai da iyaye su sani cewa a Amurka an keɓe wannan wasa ga 'yan shekara 17 zuwa sama. Wanda kuma ya kasa jure shi ba rago ba ne. Ma'aunin jikinsa ne ya bambanta da na abokinsa.